Kwana na 12 a gefen gadon ƙanena

Wallahi da na ɗauka ƙuna iyakarta fata, sai da tukunyar ruwan zafi ta kife ma ƙanena da asuba cikin wannan sanyin na Sakkwato. Ranar da munka kai shi asibiti yana magana har da dariya, kwana biyar sai ga zazzaɓi mai zafi, ciwon ya fara wari, jikina ya mutu.

Likita ta zaunar da ni tace yaya, fata ita ce katangar jiki, in ta tafi ƙwayoyin cuta shiga kawai suke, su kuma fararen ƙwayoyin jini da farko suna ƙaruwa su ruga wurin ƙunar amma in ta yi faɗi sai su gaji, suna nan cikin jini amma ba ƙarfin kashe cuta, shi yasa ake ta ɗibar jininsa ana gwaji ana hana mutane cika ɗakin. Abin da ke cina har yanzu, man goge baki da ɗanyen ƙwai munka shafa mashi a gida, alhali ruwan famfo na minti 20 ya kamata.

Yau dai ya sha kunu da kansa, Alhamdulillah. Ku sa shi a addu'a don Allah.