Furen gujiya

Ran Lahadi a gonar kawuna, wajen Jiratawa, na tsinko furen gujiya ɗaya na tsaga shi da farce. Ɗan mitsitsi ne, rawaya, amma komai nasa a cike yake. Koren ganye a gindi yana riƙe da ganyayen rawayan, can ciki kuma ga siraran zaren namiji ɗauke da garin fure, sun kewaye tsinken mace. Mahaifar na ƙasa, daf da kara.

Kabewa ai sai zuma ta kai mata gari daga furen namiji zuwa na mace. Gujiya kuwa ita ke yi wa kanta barbara, sau da yawa tun furen bai gama buɗewa ba. Ya buɗe da safe, kafin yamma ya yanƙwane.

Sai bayan 'yan kwanaki wani tsinke ya fito daga gindin mahaifar, ya sunkuya ya huda ƙasa, a can ɓawon zai kumbura. Na ce, "Kawu, shi ya sa kuke nema mata jigawa?" Ya ce, "To, a laka mai tauri ina zai shiga? Kuma ka bar tsinke mini fure, kowane ɗaya gujiya ce."