Litinin ɗin kasuwa: canji, bashi da buhun wake

Yau Litinin, ranar kasuwar Maradi, ga kaka ta yi, tun da asuba motocin ƙauye da amalanke ke shigowa da wake da aya da riɗi, hanyar Madarunfa da ta Tibiri duk ƙura ta turnuƙe. Ban samu zaman shago na kirki ba, yaro na bari, don tun jiya Hajiya mai man gyaɗa ta unguwarmu ta aiko in biyo in duba mata lissahi, ta ce aiki take ba dare ba rana amma uwar kuɗɗin sai ƙanƙancewa take.

Na iske ta tana tuyar ƙuli. Bayan mun gaisa na ce Inna ki lissafa mani komi tun daga sayen gyaɗa har saida mai, kada ki tsallake ko dala. Ta ce ɗana ai ba wani abu ba ne, kuɗɗin gyaɗa ne da na niƙa. Na ce itacen suya hwa? Ta yi shiru. Masu ɓara? Kabu-kabun da ke kai buhu wurin inji ya maido? Robobin zuba mai, ledar ƙulli, ruwan da ake saye wurin ƴan ga-ruwa? Duk wannan daga cikin gwangwani guda ake ɗauka kuma ba a taɓa sa shi a lissahi ba. Sannan man da ake zubawa tukunyar gidan kullum, da wanda ake ɗiba wa ƴan uwa in sun zo gaisuwa, shi ma ba ta ɗauke shi a bakin komi ba tunda nata ne. Da munka tara komi sai abin da masu wagga sana'a sunka daɗe da sani ya hito hili: man kuɗɗin gyaɗa kawai yake maidowa, ribar tana cikin ƙuli-ƙuli. To kuma ƙulin nan shi ne jikoki ke ɗiba su cika aljihu, shi ake ba baƙi tsaraba, shi masu tsire ke ɗauka bashi don yaji su ce sai sun sayar. Wato wurin da ribar take nan ne babu mai tsaro. Wallahi abin ya taɓa mani zuciya, matar nan hayaƙi ya gama cinye mata ido, ga ciwon baya na murza tunkuza, kuma guminta na zuba ba ta san ta ina ba.

Abin da ya ƙara ba ni mamaki, tana cikin asusun Mata Masu Dubara, tsarin nan da ƙungiyar agaji ta CARE ta faro a nan jihar Maradi a 1991 wanda yanzu ya bazu ƙasashe da yawa. Can ba ta taɓa fashin zubi ba, ko rance ta ɗauka ranar da anka ce ranar take biya, saboda akwatin a gaban kowa ake buɗe shi, a ƙirga da ƙarhi kowa na ji. A gida ne babu wannan. Na ce to Inna ki yi wa gidanki irin na asusu: gwangwani biyu, guda na sana'a guda na cehane, ki yanka wa kanki abin da za ki riƙa ɗauka kullum ki tsaya a kai, man tukunya ma ki auna ki biya daga na cehane ko da ke ce mai shi. Rubutu kuma akwai jikarta da ke koleji, kaye guda da bik sun isa, ita kanta ta iya ajami. Ta ce za ta gwada. Allah ya sa.

Wajen azahar na shiga babbar kasuwa, na tsaya rumfar wani ƙane na mai saida caja da ekutar da gilashin waya. Kayanshi daga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano yake ɗauko su, ya biyo Katsina, Jibiya, Ɗan Isa. Yaro ne mai ƙoƙari, ciniki ba ya yanke mishi, amma ya ce yaya duk tahiyar da zan yi kayan da nake iya ɗaukowa sun kasa na bayansu, na rasa gane kan abin. Na tambaye shi yadda yake yanka kuɗɗin kaya, ya ce yana duba nawa ya saya, ya juya zuwa sefa da canjin ranar da ya saya, ya ɗora ribarshi. Nan matsalar take. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 ba ta motsi, naira kuwa tun da anka sake ta a watan Yunin 2023 kullum da inda take kwana, jikkar sefa (sefa dubu) da a da ba ta kai naira dubu ba a 2024 ta haura dubu biyu. Mutum sai ya ga kamar ya samu garaɓasa tunda jikkarshi na sayen naira da yawa, ya zubar da kaya da arha don ya ja masu saye, alhali can Kano su ma sun ƙara wa kayan kuɗɗi tunda da dala ta Amurka ake shigo da su. A ce ka sayi caja ta tsaya maka 700, ka sayar 900 kana murna, ka koma ka iske ta koma 950. Ina ribar? Ka yi wa mutane dako ne kyauta har da ciko.

Muna cikin maganar wani dattijo mai rumfar yadi kusa da shi ya jawo kujera. Alhajin nan ya ga jiya ya ga yau, tun zamanin da gyaɗa ke riƙe da garin nan yana yaron kanti. Ya ce ku yara ba ku ga Janairun 1994 ba, dare guda anka raba darajar sefa biyu, waɗanda sunka yi saurin saida kayansu a tsohon kuɗɗi suna ganin sun yi ciniki, da sunka je sari rabin shago sunka iya cikawa, wasu daga nan ba su sake tashi ba. Ya ce shi tun ran nan ba ya tambayar kanshi nawa na saya, nawa zan sayo wani yake tambaya. Na ce Baba ka gama magana, abin da nake ta kewaye-kewaye in faɗa kenan. Ya ƙara da cewa naira kada ta kwana hannunka sai in gobe za ka sari da ita, ya tuna muna ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 da Najeriya ta sauya takardun 200 da 500 da 1000, yadda mutanen nan masu ajiyar naira a gida sunka shiga uku suna neman inda za su kai tsohhi. Ga rufe iyaka, daga Agustan 2019 har Disamban 2020, sannan wanda ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har Maris 2024, lokacin da kuran ma ya zama abin nema. Wanda duk kayanshi hanya guda suke biyowa ya ji jiki. Shi ya sa ya ce a riƙa haɗawa da wani abu na gida ko da ƙarami ne, wanda ba ya jiran a buɗe ƙofar Ɗan Isa.

Munka tsaida wa yaron shawara: kowace sahiya ya bugo wa dillalinshi na Kano ya ji kuɗɗin yau, ya ji canjin yau wurin ƴan canji, ya ɗora kuɗɗin mota da duwan da na kan hanya da kayan da ke zuwa a mace, don cikin kwali ba a rasa cajar da ba ta aiki, sannan ya sa riba. Ya ce masu saye za su gudu wurin maƙwabta. Alhaji ya ce bari su gudu, maƙwabcin da ke saidawa ƙasa da sari ba zai daɗe ba.

Mai cajar ya kuma kawo zancen wata ONG, ƙungiyar agaji, da ta so ya kai mata kaya amma ta nemi faktir mai NIF da RCCM, shi kuma ba ya da ko guda, tsoro yake kada lanho ya bi shi. Na gaya mishi RCCM rajistar kasuwanci ce, NIF lambarka ce wurin ƴan impo, ya je biron Chambre de Commerce, zauren ƴan kasuwa, na nan Maradi da kanshi ya tambaya, kada ya ba ɗan tsakiya. Kuma in zai yi faktir ya fara sanin ko shi mai karɓar TVA ne, harajin da ake ɗorawa kan kuɗɗin kaya, don 19 cikin ɗari ba abin wasa ba ne in ka manta da shi wurin yanka kuɗɗi. Ban tsawaita ba, cinikinshi ya taso.

Bayan isha'i a fada ne zancen ya yi zahi. Ana shayi na farko wani cikinmu ya ce shi duk abin da ya mallaka wake zai saya ya ajiye sai bazara. Kowa ya san tsarin, yanzu manomi na buƙatar kuɗɗi kaya sun yi arha, in rani ya yi nisa su tashi. Amma mai awon hatsi da ke zama da mu ya ce mishi aboki yi a hankali, ba kowace shekara ba ce, waken nan yawancinshi Najeriya yake tahiya, su kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano, in naira ta faɗi ƴan sarin ba su iya sayenshi da tsada, sai ka zauna da buhunanka kana kallo, ga kuɗɗin magaza na tahiya. Shi dokarshi biyu ce, ba a ajiya da kuɗɗin bashi kuma ba a ajiya da dukan jari. Sai batun ƙwari. Ya ce ya bar zuba magani tun da buhun PICS ya zo, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, iska ba ta shiga ƙwaron ya mutu da kanshi. Amma sai wake ya bushe ƙayau, a duba ledar ba huda, a matse iska a ɗaure kowace daban, a ɗora kan katako nesa da bango saboda ɓera, kuma kada a riƙa buɗewa ana leƙe. Ni wannan ya fi kwanta mani, don waken da anka cika wa magani mutane ne za su ci shi, ƴaƴan wani ne. An taɓo warantaji ma, wanda ƙungiyoyin manoma ke yi, a zuba kaya magaza a sa kwaɗo biyu, makulli guda wurin ƙungiya guda wurin asusun da ya ba da rance, manomi ya samu na kashewa bai saida amfaninshi da arha ba.

Daga nan anka faɗa zancen bashi, wanda ba a taɓa gama shi a fadarmu. Wani ya ce shi ya manna takarda a shago ba bashi. Mai awo ya ce bashi hanji ne yana cikin kowa, a garin nan in ka ce ba ka ba da bashi to ka kori ma'aikatan da ke jiran ƙarshen wata, ka kori maƙwabta, ka kori surukai. Ni abin da nake yi na faɗa masu: kowa da iyakarshi gwargwadon abin da na san yana samu, in ya kai nan sai ya rage tsohon kahin sabo, kuma a gabanshi nake rubutawa da rana da wata in karanta mishi. Masu cewa rubutu rashin yarda ne, liman ya sha tuna muna ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ban ga abin kunya cikin abin da Allah ya yi umurni da shi ba.

Akwai abokinmu konsiltan, wanda proje-proje ke ɗauka yana ba ƙananan ƴan kasuwa horo, yau ya zo ya yi ta saurare. Da anka zuba na ukku ya ce gaskiya abin da ya ji daren nan ya fi abin da ke cikin takardunshi amfani ga mai rumfa. Na ce mushe to ai laihin tsarin ne, a tara mutane a otal kwana biyu, a haska masu allo da Faransanci, a ce su rubuta tsarin kasuwanci na shekara ukku, mutumin da bai san nawa ya ci jiya ba. Da yawa kuɗɗin zama ke kai su, kowa ya sani. Ilimin yana da amfani, ni ban raina shi ba, wurinshi na koyi ware kuɗɗin lalacewar kayan aiki, ka riƙa cire wani abu kowane wata don ranar da firji ko inji zai mutu, kuma shi ya nuna mani yadda ake gane kayan da ke kwana a kanta suna riƙe kuɗɗi. Amma a shagona ya koya mani, yana zaune kan buhun shinkafa yana ganin masu shiga da hita. Abin da nake roƙonshi kenan, ya riƙa ware yini guda ya zauna rumfar mutum, ya ga inda hannu ke shiga akwati, sannan ya yi magana da Hausa. Ya ce masu ba da kuɗɗin proje yawan mahalarta suke ƙirgawa. Na ce to ka yi wannan don su, ka yi wancan don mu. Ya yarda ran Juma'a bayan an sauko masallaci zai zo rumfar mai caja su zauna kan lissahin tahiyarshi ta gaba.

Ni ma ina da niyyar ajiye wake bana amma kaɗan, daga ribar da na ware, ba zan taɓa jarin shago ba. Gobe in Allah ya kai mu zan je in duba magazar da mai awo ya ce akwai wuri, in ga ƙasanta da rufinta ko ɓera na shiga, in biya in ji kuɗɗin buhun PICS, in kuma tambayi ƴan Gazawa nawa tiya ta kwana can kahin in sa hannu.