Janareto Mara Mai da Shekarun da Ya Cinye Mini

Makon jiya ɗan ƙanwata ya matsa mini lamba sai na je na ga abin da ya kwashe watanni yana haɗawa. Da ya yaye zanen da ya rufe shi, sai na ga katako mai kauri, an ɗaure moto a gefe guda da altanetar tsohuwar mota a ɗaya gefen, bel ya haɗa su, ga batir a ƙasa da wayoyi ja da baƙi sun fita daga jikinsa sun zagayo sun sake komawa. Ya kunna, abin ya ɗauki juyi, ƙwan fitila ya kama, ya dube ni fuskarsa cike da murna ya ce, "Kawu, batir ne ke juya moto, moto na juya altaneta, ita kuma tana mayar wa batir cajinsa. Ba mai, ba hasken rana. Saura in ƙara masa ƙarfi kawai." Na tambaye shi wuta nawa ke shiga moton, nawa kuma ke fitowa daga altanetar. Ya nuna mini mita, ya ce ai ga shi nan bolt 12 da ɗoriya, bai sauka ba. Gabana ya faɗi, domin wannan amsar ce na riƙa ba mutane da bakina a lokacin da nake tsaransa.

Ni ma na ƙera wannan na'ura, kuma na ba ta mafi kyawun shekarun ƙuruciyata. Tun ina yaro hannuna ba ya zama wuri ɗaya. Rediyo ko agogo ko fanka, duk abin da ya lalace a gida sai na buɗe cikinsa, kuma sau da yawa nakan tashe shi. Wannan nasara ce ta sa na ɗauka cewa abin da hannuna ya kama dole ya yi mini biyayya. Da tunanin janareto mai ciyar da kansa ya zo mini, ban tsaya na tambayi kowa ba, don a ganina abu ne mai sauƙi da manyan injiniyoyi suka tsallake saboda karatu ya rufe musu ido. Na fara da moto da altaneta kamar yadda yaron nan ya yi. Da na ga batir na mutuwa, sai na ce bel ne ke zamewa, na sauya shi. Da ya ci gaba da mutuwa, na ce boris ne ke cije ƙarfe, na sa sabo. Daga nan na ƙara wani ƙaton faifan ƙarfe mai nauyi don ya riƙe juyin, sannan na koma jera maganaɗisu a gefen faifan, ina kwana ina sauya musu kusurwa, ina jiran daren da zan cire batir abin ya ci gaba da juyawa shi kaɗai. Kullum a raina saura kaɗan.

Abin da ya fi yaudarata shi ne mitar da nake dogara da ita, kuma ba laifinta ba ne, ni ne ban san tambayar da zan yi mata ba. Bolt kawai nake aunawa. Batir mai ruwa irin na mota yana da wata ɗabi'a: idan aka ɗora masa kaya awon bolt ɗinsa yakan sauka, idan aka sauke kayan ya huta na ɗan lokaci sai awon ya sake hawa da kansa, ba tare da ko ɗigon caji ya shiga cikinsa ba. Ni kuwa sai in kashe na'urar, in dawo bayan awa guda in ga lamba ta hau, in rubuta a raina cewa altaneta ta yi aikinta. Ban san cewa ƙarfin da ake ci ana samunsa ne idan an ninka bolt da amfiya (awon yawan wutar da ke gudana a waya) ba, wato wat. Ban kuma lissafa cewa batir mai bolt 12 da aka rubuta wa 60Ah, wato amfiya 60 na awa guda, yana ɗauke da kusan wat 720 na awa guda, wanda ke nufin ƙwan fitila mai wat 10 shi kaɗai zai iya kwana biyu ko fiye yana ci a kansa. Saboda haka fitilar da nake nuna wa mutane tana ci tun magariba har tsakar dare ba ta tabbatar da komai ba, illa dai batir ɗin cike yake lokacin da na fara.

Lissafin da ya kamata in yi a ranar farko bai fi layi uku ba. A ɗauka moto na mayar da kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ci zuwa juyi, altaneta kuma na mayar da kashi 60 cikin 100 na juyin zuwa wuta. Idan ka ba moton wat 100, abin da zai dawo maka wat 48 ne, tun kafin a cire abin da bel da wayoyi da batir ɗin kansa suka ci. Ragowar ya tafi a zafi da ƙara, kuma na sha taɓa jikin moton in ji ya yi zafi har ba ya taɓuwa, amma ban taɓa tambayar kaina daga ina zafin yake samun nasa abincin ba. Tamkar mai juye ruwa ne daga guga zuwa guga yana mayarwa, kowane juyi sai wani ya zube ƙasa, shi kuma yana sa ran ruwan zai ƙaru. Ko da moto da altaneta za su zama marasa aibi gaba ɗaya, iyakar abin da za ka samu shi ne abin da ka zuba, babu rarar da za ta kunna fitila.

Duk da haka, ba zan yarda a ce wauta ce zalla ba. A zamanin ba mu da intanet a aljihu, littattafan da ke bayanin waɗannan abubuwa ba sa zuwa hannun kowa, kuma waɗanda suka san amsar galibi dariya suke yi maimakon su zauna su yi bayani. A cikin wannan aikin na koyi naɗa waya a moto, na koyi walda, na koyi liƙa waya da dalma yadda ba za ta saki ba, kuma da wannan ilimin nake ci har yau. Ban taɓa ɓoye batir a ƙarƙashin teburi don in yaudari kowa ba. Abin da na faɗa wa mutane na yi imani da shi. Sai dai idan na yi wa kaina adalci, wannan uzuri bai kai inda nake so ya kai ba. Akwai wani dattijo mai gyaran lantarki da ya zauna da ni, bai yi dariya ba, ya ce in saka mitar amfiya a wayar shiga da wayar fita in kwatanta. Na ƙi, na kuma ce a zuciyata baƙin ciki yake yi, ko kuma yana son ya gane sirrin ya riga ni. Daga ranar na daina nuna wa duk wanda ya san aikin, na koma nuna wa waɗanda za su yi tafi kawai. Yayana ya ba ni kuɗin da ya tara don wata bukatarsa saboda ya yarda da ni, suka narke a maganaɗisu da batura, bai taɓa tambayata su ba, kuma wannan shirun nasa ya fi mini ciwo fiye da a ce ya zage ni.

Da na fara karatu a makare, sai na tarar hanyar da nake jin ni na buɗe ta, ɗaruruwan shekaru mutane na faɗawa raminta. Tun a 1775 Cibiyar Kimiyya ta Faransa da ke Faris ta yanke cewa ba za ta ƙara duba wata na'ura da aka ce tana juyawa har abada da kanta ba. A 1847 masanin kimiyya ɗan Jamus Hermann von Helmholtz ya rubuta bayanin ƙa'idar cewa makamashi ba ya ƙaruwa daga babu kuma ba ya ɓacewa, sauya kama kawai yake yi, a daidai shekarun da masanin kimiyya ɗan Ingila James Joule yake auna yadda motsi ke komawa zafi. Shafi ɗaya da na karanta da wuri da ya ishe ni.

Na zauna da niyyar rubuta muku shawarwari masu yawa, amma da na tace su sai na ga kaɗan ne suka cancanta. Ku auna abin da ya shiga da abin da ya fito, da lamba, ku rubuta a littafi da kwanan wata, kuma ku sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji don ku san abin da ya jawo canjin. Matasa na son ambaton 'yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright na Amurka da suka ƙera jirgin sama, a matsayin masu gyaran keke da suka kunyata masana, amma ba a cika faɗin yadda suka yi ba. A 1899 Wilbur ya rubuta wa cibiyar bincike ta Smithsonian yana neman abin da aka riga aka rubuta kan tashi sama. A 1901, da suka ga fukafukansu ba sa ba da ɗagawar da lissafin magabata ya nuna, sai suka ƙera akwatin hura iska suka gwada siffofin fukafukai kusan 200 suna rubuta sakamako. Tashin daƙiƙa 12 da suka yi ranar 17 ga Disamba 1903 daga wancan littafin awon ya fito. Haka William Kamkwamba na Malawi, wanda ya haɗa injin iska mai ba da wuta da tarkacen ƙarafa da sassan keke yana ɗan shekara 14, daga littafin da ya aro a laburare ya faro, kuma iska ce ke biyan kuɗin wutarsa, bai ce daga babu take fitowa ba.

Abin da ke ƙona mini rai da 'yan yanzu shi ne duk abin da na rasa kuna da shi, amma kun fi mu saurin ruɗuwa. Wayar da ke hannunku za ta iya koya muku dokar Ohm, wadda ke bayyana alaƙar bolt da amfiya, cikin rabin awa, akwai allunan Arduino tun 2005 da Raspberry Pi tun 2012 waɗanda da su ɗalibi zai iya auna wuta dare da rana yana adana lambobin, amma kun zaɓi kallon bidiyon wani da ya manna maganaɗisu a fanka ya ɓoye waya a bayan teburi. Kafin dalma ta huce kun ɗauki hoto kun watsa, jama'a na ta kiran ku injiniya, daga nan kuma gyara ya zama cin fuska. Idan aka ce muku abu ba zai yiwu ba, sai ku kawo labarin James Dyson da samfura 5,127 da ya yi kafin na'urar sharar ƙurarsa ta yi daidai. Naci ya amfane shi ne domin abin da yake nema bai saɓa wa yadda Allah ya tsara halitta ba. Naci a kan abin da lissafi ya riga ya kore asarar rai ce, ko sau dubu nawa aka maimaita.

Ku nuna aikinku ga wanda ya fi ku sani, musamman wanda kuke tsoron zai kushe shi, domin ɓoyewa ce ta kashe ni. Na san kuma zan saɓa wa kaina a nan, don idan da gaske kun gano sabon abu, to, kada ku baza shi a Facebook ko YouTube kafin ku nemi takardar mallakar ƙirƙira, saboda a ƙasashe da dama bayyana ƙirƙira a fili kafin shigar da takarda yana zubar da haƙƙin, kuma kariyar kanta galibi shekara 20 ce daga ranar shigarwa. Ku nuna wa mutum ɗaya ko biyu masu ilimi da amana, ku kuma bincika Google Patents ko Espacenet, shafukan intanet da ke tara takardun mallakar ƙirƙira, kyauta ne, mafi yawan lokuta za ku tarar wani ya riga ku da shekaru masu yawa. Hakan zai yi zafi na kwana biyu, ya kuma cece ku daga irin shekarun da na zubar.

Wani sashe na zuciyata yana son in ce ku bar ƙere-ƙeren nan ku kama abin da zai ciyar da ku, amma ba zan iya faɗa ba, domin na san wanda aka halitta da wannan ƙaiƙayin a hannu ba ya warkewa, kuma ban so ya warke. Ku ƙera abin da wani ke bukata a yau, ko da ƙarami ne, ku gama shi har ya yi wata yana aiki a hannun wanda bai san yadda aka haɗa shi ba, kafin ku fara mafarkin girgiza duniya. Kada ku taɓa kuɗin ɗan'uwa a kan abin da ba ku auna ba.

Sai batun rai, wanda a nan ba na lallashi. Ƙananan baturan litiyam irin 18650 da kuke cirowa daga tsoffin kwamfutoci iyakar cajinsu bolt 4.2 ne, idan kuka haɗa su ba tare da allon da ke tsare cajinsu ba, ko kuka sa wanda ya kumbura ko ya lotse, suna iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa, don haka kada ku bar su a caji ku yi barci. Kafasita, wato sashen da ke tara wuta a cikin tsohon talabijin ko na'urar ɗumama abinci, tana iya riƙe wuta bayan an zare soket, kuma taransifomar na'urar ɗumama abincin tana fitar da wajen bolt 2,000, ta kashe masu gwaje-gwaje da dama a taɓawa ɗaya. Ku sa fis a kusa da batir a duk abin da kuka haɗa, ku sa tabarau idan kuna yanka ƙarfe, kuma idan za ku taɓa wutar gida, a samu wani a ɗakin da ya san inda makashin yake.