Saura daƙiƙa 56

Lahadi, 21 ga Agusta 2022, da hantsi

Ban runtsa ba tun jiya, kuma na san ko na kwanta yanzu barcin ba zuwa zai yi ba. Shi ya sa na jawo kwamfuta in rubuta ranar tun tana da ɗuminta. Daga safiyar Asabar zan faro, domin a wurina jiya da yau rana ɗaya ce.

Da ruwa muka tashi, irin markar nan ta Agusta wadda ba iska ba tsawa, sai dai ta yi ta zuba kamar ba za ta ɗauke ba. Yaya ya bugo waya ya ce in yi zamana sai bayan Azahar, ba wanda zai ratso taɓo ya shigo Farm Centre neman gilashin waya da sassafe. Tun Fabrairu yajin aikin malaman jami'a ya zaunar da mu a gida, shagonsa nake zuwa kullum. Na ji daɗin samun safiyar nan, ga shi akwai wuta, kuma sati biyu ke nan ina fama da wani kiɗa a FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Asalin kiɗan daga zauren gidanmu yake. Bayan Babbar Sallah wani tsohon makaɗin mahauta, abokin Baffa tun suna samari, ya zo yi masa barka da Sallah da kalangunsa a rataye. Na roƙe shi ya ɗan taɓa mini, na ɗauka a waya, minti huɗu da 'yan kai. Burina in ɗora shi a kan gangar tekno, wadda take tafiya huɗu-huɗu ba karkacewa, bugu 124 a minti ɗaya. A cikin kwamfuta komai da gidansa, layi-layi kamar takardar lissafi. Da farko sai na yanyanka kalangun, na jera kowane bugu a daidai gidan da injin yake so. Sauti dai ga shi nan, amma maganar ta gudu. Shi kalangu magana yake yi. Makaɗin ya matse igiyoyin a hammata murya ta hau, ya sassauta ta sauko, kuma yana da wata ɗabi'a ta ɗan riƙe gula a sama, ya bari kunnenka ya sa rai, sannan ya sauke. Wannan ɗan jinkirin shi ne na yi ta gogewa sati biyu, ina ɗauka kuskure ne.

Jiya sai na juya abin. Na mayar da kalangun yadda tsohon ya kaɗa shi, ban taɓa ko bugu ɗaya ba, na koma ina jan gangar injin da hannu, nan in matsar da ita gaba kaɗan, can in ja ta baya, har ta koyi binsa. Wajen sha biyu na kunna daga farko, tsikar jikina ta tashi. Sau biyar na saurara a tsaye.

Raina yakan ɓaci idan abokai suka ce wannan ai ƙarar inji ce kawai, kiɗan Turawan da ba su da ganga. Tekno a Detroit aka haife shi, garin masana'antun mota, kuma samari baƙaƙen fata ne suka haife shi a shekarun 1980, su Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson. Injin ganga na TR-808 da kamfanin Roland na Japan ya fitar a 1980 bai yi kasuwa ba da farko, saboda sautinsa bai yi kama da gangar gaske ba, har aka daina ƙera shi a 1983. Da ya zama kwance mai araha sai ya faɗa hannun yaran da ba su da kuɗin ɗaukar makaɗa, su kuma suka ji abin da masu kuɗi ba su ji ba a cikinsa. Ba ma sai an je Amurka ba. Nan maƙwabta, a Yamai, Mamman Sani ya naɗi kaset na kiɗan lantarki tun 1978 da wani fiyano ɗan Italiya, shekara da shekaru rediyo da talabijin na Nijar suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye, sai a 2013 wani kamfani a Amurka ya sake fitar da shi duniya ta ji. Ranar da na fara sauraronsa ji na yi kamar na tsinci wani kawuna da ba a taɓa ba ni labarinsa ba.

Bayan Azahar na tafi shago. Kasuwa ta yi sanyi: caja biyu, gilashi uku, sai wata baiwar Allah da wayarta ta sha ruwa. Sauran lokacin a kan benci na cinye shi da littafin da wani abokina ya taho mini da shi daga Abuja, Maus na Art Spiegelman. Labari ne cikin zane, baƙi da fari, na mahaifin marubucin da abin da ya gani a Poland lokacin Hitila har zuwa sansanin Auschwitz. Yahudawa ɓeraye, Jamusawa kyanwoyi. A watan Janairun bana na fara jin sunansa, lokacin da wata hukumar makarantu a jihar Tennessee ta cire shi daga manhajar ɗalibai aka yi ta cece-kuce. Karo na biyu ke nan ina karanta shi, kuma wannan karon a hankali nake tafiya. Abin da ya fi kama ni shi ne tsohon da kansa: mai tsumulmula, mai mita, mai gajiyar da ɗansa, ga shi kuma ya tsallake abin da ba kowa ke tsallakewa ba. Ɗan bai wanke shi ba, bai kuma tozarta shi ba. Ya zana shi yadda yake.

Da magariba na dawo na ajiye littafin a kan tabarma na je alwala. Ina dawowa na tarar 'yar Aunty, mai shekara shida, ta buɗe shi a cinya.

"Kawu, me ya sa ɓerayen nan suke lilo a sama?"

Shafin da aka rataye mutane a kan titi ne ta buɗe. Na durƙusa na karɓe a hankali, na ce wannan na manya ne, gobe zan kawo mata nata mai kala. Umma tana daga bakin murhu ta ce, "Kai ma dai, ƙato da kai kana ajiye katun a gida, ya za a yi yara su ƙi ɗauka?"

Na ce, "Umma, wallahi ba katun ba ne, tarihin yaƙi ne. Har lambar yabo ta Pulitzer aka ba shi a 1992."

Ta miƙo hannu na ba ta. Ta matso kusa da fitila ta daɗe tana duban shafin, ta juya na gaba, ta dawo. Sai ta rufe ta ce, "Innalillahi. To ka riƙa sa shi a saman kwaba." Ba ta sake kiransa katun ba. Na sa shi a saman kwabar.

Dare ya yi, muka je gidan kallo da abokai don damben Anthony Joshua da Usyk a Jidda. Joshua ya fi bara ƙoƙari, amma alƙalai biyu cikin uku suka ba Usyk. Aka watse ana ta musu. Ni dai hankalina ba a nan yake ba, yana can Salt Lake City ta Amurka, inda Kamaru Usman zai kare kambunsa na UFC, gasar faɗan cikin keji mai haɗa dambe da kokawa, ajin kilo 77, a karawarsa da Leon Edwards.

Duk mai bin wannan wasa daga nan ya san wahalarsa. Ƙarfe goma na darensu a gabashin Amurka ƙarfe uku ne na darenmu. Wajen ɗaya aka ɗauke wuta. Na riga na cika fawa banki, na sayi data tun da rana, sai na shimfiɗa tabarma a zaure, na toshe kunne da kiɗa mai tsawon awa biyu ina jira. Irin kiɗan nan da zai yi ta maimaita abu ɗaya har kunnenka ya saki jiki, sannan a zare ganga ko a shigo da wani ɗan sauti siriri, ka ji kamar an buɗe taga. A cikin duhun nan na yi ta lissafi. Nasara 15 a jere Usman yake da ita a UFC, saura ɗaya ya kamo tarihin Anderson Silva mai 16. Sau biyar ya kare kambun tun da ya ƙwace shi daga Tyron Woodley a Maris 2019. Shi Edwards ɗin ma Usman ya taɓa doke shi a Disamba 2015. Ga kambu uku a hannun 'yan Afirka lokaci guda: shi, da Israel Adesanya haifaffen Legas, da Francis Ngannou ɗan ƙasar Kamaru, wanda ya taso yana haƙar yashi, ya ratsa Najeriya da Nijar da Aljeriya kafin ya kai Turai. Ban kawo faɗuwa a raina ba ko kaɗan.

Wasannin farko sun nuna garin ba na wasa ba ne. Yana kan tudu, iska ba ta wadatar da huhu, manyan ƙarti sai haki suke tun turmi na biyu. José Aldo ya sha matsi a jikin keji har aka tashi. Ana cikin haka aka kira Assalatu.

Da muka fito daga masallaci Baffa ya ga ina sauri ya ce, "Ina za ka haka kamar an biyo ka?"

Na ce, "Baffa, damben nan ne da nake ba ku labari. Yaron Auchi, Kamaruddini."

Baffa mahauci ne, kuma ya ɗaura zare a ƙuruciyarsa, har yau 'yan yatsunsa biyu na dama ba sa miƙewa sosai. Kullum cewa yake wannan na keji ba dambe ba ne, kokawa ce da aka cakuɗa da rashin kunya, tunda ana bin mutum ƙasa bayan ya faɗi. A nasu, da gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an yi kisa, magana ta ƙare. Amma yau, maimakon ya wuce ciki, sai ya jawo buzunsa ya zauna kusa da ni, carbi a hannu.

Turmin farko ya girgiza ni. Edwards ya harɗe ƙafar Usman ya kai shi ƙasa, abin da ba wanda ya taɓa yi masa a UFC, ya hau bayansa yana neman wuya har aka buga ƙararrawa. Daga nan kuma Usman ya dawo Usman ɗin da na sani. Na biyu, na uku, na huɗu, duk salo ɗaya: ya tura shi jikin keji, ya ɗora masa nauyi, ya kayar, ya bari ya miƙe, ya sake kayarwa. Fuskar Edwards ta nuna mutumin da ya sallama. Kafin turmi na biyar mai horar da shi ya yi ta daka masa tsawa a kusurwa, shi kuwa kansa a sunkuye. Ni har na fara rubuta saƙon murna a waya.

Baffa ya daina jan carbi. Ya ce, "Naka ya fi ƙarfi, amma yana da hali guda. Duk sanda bahagon nan ya nuna hannu, gefe ɗaya yake kai kansa."

Na ce, "Baffa, ai saura minti ɗaya. Ko tsayawa kawai ya yi ya ci."

Bai ba ni amsa ba. Edwards ya miƙo hagu kamar zai kai naushi, a sanyaye, ba ƙarfi. Usman ya kauce dama. Ƙaurin ƙafar hagu yana can yana jiransa. Ƙarar ta fito ta 'yar lasifikar kwamfuta kamar an sari kabewa, ya tafi ta baya ya zube, idanu a buɗe, ba ya ko motsi. Agogo ya tsaya saura daƙiƙa 56.

Ban san na miƙe ba sai da na ji kaina ya bugi ƙofar zaure. Ƙirjina ya yi nauyi, idona ya ciko. Na daɗe ina son mutumin nan, tun yana doke mutane ana cewa wasansa ba daɗin kallo. Na tsaya ina kallon likitoci a kansa ina ta addu'a a zuci, sai da na ga ya tashi zaune sannan numfashina ya dawo. Shi kuwa Edwards, yaron da aka haifa a Kingston ta Jamaika ya girma a Birmingham, yana ta kuka da kambu a kafaɗa. Na so in ji haushinsa, na kasa.

Baffa ya taɓa gwiwata ya ce, "Mayar mini baya in gani."

Na mayar. Ya sunkuyo har gemunsa na neman taɓa gilashi. Ya ce a sake, na sake. A karo na uku ya ɗaga hannunsa na hagu a iska, ya ɗan riƙe shi a sama, daidai yadda abokinsa yake riƙe gula, sannan ya nuna ƙafa da haɓa.

"Ka gani? Hannun ba duka ba ne, kira ne. Ya kira shi, shi kuma ya amsa. An taɓa yi mini haka a Wudil, sai da aka zuba mini ruwa na san inda nake."

Shekara ashirin da huɗu ina gidan nan, ban taɓa jin ya ambaci faɗuwarsa ba sai yau. Na tambaye shi wa ya kashe shi a Wudil ɗin, ya yi murmushi ya ce wani ɗan Guramada ne, bahago shi ma, Allah ya ji ƙansa. Ya naɗe buzunsa ya miƙe, har ya kai bakin ƙofa ya waiwayo.

"In za su sake, ka tashe ni."

Gari ya waye, Umma ta aiko da koko da ƙosai, har yanzu suna nan a rufe ban taɓa ba. Wuta ta dawo wajen takwas. Na buɗe kiɗan jiya na sa wa Baffa ta taga yana shirin tafiya mayanka. Ya tsaya da hula a hannu har kalangun ya kai ƙarshe, ya ce gangar da ke ƙasa ta cika ƙarfi, tana danne maganar abokinsa. Na rage ta.