Abin da ba a faɗa mana ba bayan aikin zuciyar ɗana

Wallahi har yau in na tuna maganar nan ta "shi kenan, ya warke" sai raina ya ɓaci. Ɗana da ciwon zuciyar da ake kira TOF (Tetralogy of Fallot) aka haife shi, wato lahani huɗu a zuciya ɗaya, masu irin yaran nan sun san zancen, leɓe ya yi shuɗi, yana cikin wasa sai ya tsuguna. Yana shekara 2 aka yi masa aiki a Indiya, alhamdulillahi ya tashi garau har ƙwallo yake bugawa.

Sai da ya kai 15 ya fara haki in ya hau bene, yana cewa "Baba gabana faɗuwa yake yi", aka yi ta ba shi maganin ƙarin jini. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi a makaranta ne likitar zuciya ta yi masa eko, wato hoton zuciya, ta ce bawul ɗin hanyar jini zuwa huhu, wato 'yar ƙofar da ke hana jini komowa baya, shi ne ke yoyo. Ashe a aikin farko sai da aka tsaga wurin aka faɗaɗa shi da faci, to tun daga nan bawul ɗin baya rufewa, jini yana komowa baya, ɓangaren dama na zuciyar yana ta buɗewa shekara da shekaru har bugun ya fara rikicewa, kuma duk shekarun nan kafin hakin ya fara yaro baya jin komai. Wannan ne ya fi ci min rai, baya jin komai! Da wani ya zaunar da mu ya ce eko da ECG (gwajin bugun zuciya) duk shekara har ƙarshen rayuwa, da tuni an gani.

An yi masa hoton MRI, an sa masa sabon bawul, ya samu sauƙi sosai, amma an gaya mana ƙarara sabon bawul ɗin ma zai gaji wata rana a sake.

Don Allah iyaye, ko yaro na tsalle ku koma wajen likitan zuciya, kuma ku adana takardun aikin farko, su aka fara tambayata. Zazzaɓi in ya ƙi tafiya kar a ce taifod ne a hau shan magani, a fara ɗibar jini a duba ƙwayar cuta, don tana kama bawul. Ko haƙori za a cire masa sai an sanar da likitan haƙorin. Shi ma yaron ku sa ya haddace sunan ciwonsa da aikin da aka yi masa, nawa yanzu da bakinsa yake yi wa likita bayani.