Talata: mu da ire-iren suna a ajin Turanci

Hazo ya sauko tun asuba, yara suka shigo aji da hulunan sanyi, leɓe duk ya farfashe. Darasin farko na 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare ne, manhaja kuma ta kawo mu kan ire-iren suna a nahawun Turanci. Ban gama rubutu a allo ba suka ɗauka baki ɗaya kamar masu tilawa: suna shi ne abin da ake kiran mutum, ko dabba, ko wuri, ko abu da shi. Wannan kam tun firamare suka haddace, ba mai kayar da su. Na bar su suka kai aya.

Gama-gari da sunan yanka ba su ci mana lokaci ba. "City" kowane birni ne, "London" kuwa sunan wani birni ne takamaimai, don haka sai da babban baƙi a farko. Inda ƙura ta ɗan tashi shi ne ranaku da watanni. Akwai wata yarinya da iyayenta suka dawo daga Maraɗi, da Faransanci ta yi firamare. Ta rubuta "monday" da ƙaramin baƙi, ta kuma tsaya kai da fata cewa haka aka koya mata. Gaskiyarta ce. A Faransanci ranaku da watanni da sunayen harsuna duk da ƙaramin baƙi ake rubuta su, Turanci ne ya ba su matsayin sunan yanka, alhali shi kansa ya bar "summer" da "winter" da ƙarami. Na ce musu al'adar rubutu ce kawai. Jamusawa har gobe kowane suna da babban baƙi suke fara shi, masu rubutun Turanci na ƙarni na 18 ma sun yi kusan haka. Wanda ya duba tsarin mulkin Amurka na 1787 zai gan su birjik. Larabcin da suke karantawa a Islamiyya kuwa babu ruwansa da babba da ƙarami.

Sai sunan abin da ake gani ko a taɓa, da na abin da sai dai a ji a rai, irin "patience" da "fear". Wani daga bayan aji ya ɗaga hannu: "Malam, iska fa? Ai ba a ganinta." Na ce ya tambayi leɓensa ko ya ji ta yau da safe. Aji ya fashe da dariya, maganar ta zauna.

A ɗakin malamai lokacin tara aka so a ja ni musu kan suna tattarau, wato sunan da ake kiran taron mutane ko na dabbobi da shi. Wani abokin aikina, dattijo ne da nake ganin girmansa, yana so yara su haddace jerin nan na garken dabbobi, su "a pride of lions" da "a gaggle of geese". Na ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan yaushe zai ga zakuna har ya buƙaci sunan taronsu?" Da yawa daga cikin waɗannan kalmomi ana samun su ne a wani littafin farauta da aka buga a St Albans ta Ingila a 1486, abin ado ne na masu hali. Abin da ɗalibi zai ci karo da shi kullum shi ne "team", "family", "committee", "herd". Kuma ya san cewa a Ingila ana iya cewa "the team are playing", Amurkawa kuma sun fi son "is". "Police" da "cattle" kam jam'i suke ɗauka ko a ina. Dattijo ya ce ni ɗan zamani ne, ya ci gaba da shan shayinsa.

Bayan tara ne aikin gaske ya fito, wato suna mai ƙirguwa da marar ƙirguwa. Na rubuta musu "Babana ya ba ni shawarwari masu kyau", na ce su mayar Turanci. Kusan kowa ya kawo "advices". Ban yi musu faɗa ba, domin hankali suka yi amfani da shi. A Hausa shawara tana ƙirguwa, haka bayani da bayanai, labari da labarai. Turanci kuwa ya ɗauki "advice", "information", "furniture", "luggage", "equipment" a matsayin dunƙule: ba sa karɓar "s", ba a sa musu "a" ko "an", sai dai "some" ko "much", in kuwa lallai guda ɗaya kake so ka ce "a piece of advice". "News" ta fi kowa yaudara, ga "s" a wutsiya amma "the news is good" ake cewa. Mu muna cewa kuɗin sun ƙare, su kuma "money" tilo ne a wurinsu. Ita 'yar Maraɗi tata ta ninka, don Faransanci ma yana ƙirga shawara da bayani. Ga shi kuma duk yaron da ya bi ta kasuwa zai ga "furnitures" a allon kafinta, zai ji manya suna cewa "equipments". Masu duba takardun WAEC da NECO kuwa jan biro za su sa.

Na ƙara musu da waɗanda ke raba ƙafa. "Chicken" nama ne a faranti, "a chicken" ita ce mai yawo a tsakar gida. "Glass" gilashi ne, "a glass" kofi ne. A nan ne na ga idanuwa sun buɗe, har waɗanda ba sa magana suka fara jefo nasu.

Abin da ke damuna da littattafan karatunmu shi ne yadda suke jero nau'o'in nan a layi ɗaya, sai yaro ya ɗauka kowane suna gida guda gare shi. "Rice" gama-gari ne, ana taɓa shi, kuma ba ya ƙirguwa, duk a lokaci ɗaya. Tambayoyi daban-daban ne ake yi wa kalma ɗaya. A ganina, a cikinsu biyu ne ke fitowa a rubutu su kayar da ɗalibi: ina za a sa babban baƙi, kuma abin nan yana ƙirguwa ko kuwa. Sauran sun fi amfani a tambayar "wane irin suna ne wannan", wadda ba na ƙaunarta ko kaɗan, ko da yake dole in shirya su a kanta.

Ƙararrawa ta kama mu kafin mu kai harɗaɗɗen suna, wato sunan da aka haɗa daga kalmomi biyu ko fiye, don haka rigimar "mothers-in-law", wadda "s" ɗinta ke tsakiya, sai Alhamis. Aikin gida na ce kowa ya kwafo sunaye biyar daga allunan shagunan unguwarsu, ya raba masu ƙirguwa da marasa ƙirguwa. Yanzu ga tarin littattafai a gabana, wuta ta ɗauke, fitilar caji kuma ta fara ja.