Tafiyata Baturiya, Inda Kachala Ta Shaƙe Ruwa

Bayan sallar asuba na hau mota a tashar Yankaba, muka ɗauki hanyar Haɗeja ta Gezawa da Ringim, kuma kafin azahar na isa Baturiya da ke ƙaramar hukumar Kiri Kasamma a Jigawa. Abin da ya fito da ni daga Kano shi ne ganin tsuntsayen da ke baro Turai lokacin sanyi su sauka a wannan fadama, wadda aka shigar cikin jerin Ramsar na dausayoyin duniya a 2008. Na ga tsuntsayen, amma kachala, wata doguwar ciyawar ruwa, ita ce ta tsaya mini a rai.

Wani dattijo masunci ne ya ɗauke ni a kwalekwalensa. Ba mu yi nisa ba ciyawar ta rufe mu dama da hagu kamar katanga, ta fi mutum tsawo, kanta ɗauke da wani abu ruwan ƙasa mai kama da zangarniyar gero. Na ce, "Baba, ina hanyar take?" Ya ce, "Malam, ai a kanta muke." Sannan ya nuna mini wurin da yake jefa raga yana saurayi, wanda yanzu ko agwagwa ba ta samun wurin iyo. A cikin wannan duhuwa tsuntsayen jan-baki ke kwana, gari na wayewa su afka wa shinkafa da gero, kuma idan kachala ta toshe mashiga sai ruwa ya malale gonakin wasu, na wasu kuma su bushe.

Abin da ya fi damuna shi ne tushen matsalar yana wajenmu a Kano. A da kogin Haɗeja yakan janye da rani, ƙasa ta tsage, ciyawar ta kasa kafuwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa marar zurfi ke kwance kusan duk shekara, wanda shi ne abin da kachala ke so. Daga kogunan da aka datse ɗin nan ake jawo ruwan famfon da muke sha a birni.

Ƙona ta ba ya kashe ta, domin saiwar tana can cikin laka. Dabarar da ke aiki ita ce a yanke ta ƙasa da saman ruwa, yadda ruwan zai rufe kututturen ya hana saiwar iska har ta ruɓe. Na tarar da matasa suna wannan gayya da lauje da adda, ruwa har ƙirji, hannayensu duk sun tsage. Injin yashe kogi yakan zo, amma aiki ne da ba ya son a ɗaga masa ƙafa, kuma a ganina bai kamata a bar wa ƙauyuka nauyinsa su kaɗai ba.

Da zan hau motar komawa, dattijon ya riƙe hannuna ya ce in gaya wa masu buɗe madatsa a Kano su riƙa barin kogin yana shan rana.